Kafin a sayi faifai, a gina rumbun wuta



A ƴan kwanakin nan wata magana ta cika majalisu a Diffa, da Maine Sorowa, da Shetimari, da Geskeru, har Boso da Ngigmi. Maganar kuwa ita ce ta wani farin faifai da ake ɗorawa a kan soro ko a bisa ƙarfe. Faifan nan yana jawo intanet daga sama, ko da a wurin da wayar salula ba ta kamawa. Matasa na sha'awarsa. Wasu ƙungiyoyin manoma sun fara tunanin haɗa kuɗi su saya.

Mu ma muna ganin alherinsa. Amma muna da magana guda da muke so kowa ya riƙe. Faifan nan ba ya aiki sai da wutar lantarki. Wanda ya sayi faifai bai tanadi wuta ba, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ra'ayinmu, kafin a yi maganar faifai, a fara maganar rana da batir.

Mene ne wannan faifai?

Sunan kamfanin da ya fi shahara da shi Starlink, na ƙasar Amurka. Ya harba dubban taurarin ɗan Adam, suna zagaya duniya a nisan kilomita 550 ko kusa da haka. Faifan da ke bisa soro yana aika saƙo zuwa tauraron, tauraron kuma ya maido da amsa. Daga nan wani ƙaramin akwati ya raba intanet ɗin ga wayoyin da ke kusa.

Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka buɗe wannan aiki, a watan Janairu na 2023. Gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin a watan Oktoba na 2024, aka kuma buɗe aikin a watan Maris na 2025. Lokacin sa hannun, an sanar da cewa kuɗin wata zai kama kusan jika 25. Kayan kansu kuwa, a lokacin an ce za su haura jika 200.

Me zai amfane mu?

Diffa na nesa da Yamai da fiye da kilomita 1300. Nisa yana ci mana kuɗi, yana ci mana lafiya. Ga wurare uku da labari mai sauri zai yi mana rana.

Na farko, kasuwa. Tattasai shi ne arzikin wannan kwari, har ana ce masa jan zinari. Galibinsa Najeriya ake kai shi. Manomin da bai san farashin Maiduguri, ko na Kano, ko na Damagaram ba, abin da ɗan kasuwa ya faɗa masa shi zai karɓa. Wanda ya san farashi kuwa, da ƙarfinsa yake ciniki. Haka kuma idan tsutsa ko wata cuta ta faɗa wa gona, ana iya ɗaukar hoton ganyen a aika wa malamin gona, a sami shawara tun ɓarna ba ta yi nisa ba.

Na biyu, ruwa. Komadugu ba a nan yake farawa ba. Ruwansa daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake fitowa, can cikin Najeriya. Yakan ɗauki makonni kafin ya iso mana. A watan Oktoba na 2019 kogin ya yi ambaliya, ya raba dubban mutane da gidajensu, ya cinye gonaki. A 2022 ma haka aka yi. Ma'aikatan ruwa suna auna hawan kogin a Bagara, kusa da Diffa. Idan labarin awon ya isa ƙauye da wuri, za a kwashe injin ban ruwa, da buhunan hatsi, da yara, kafin ruwa ya shigo.

Na uku, lafiya. A 2017 ciwon hanta mai sa shawara ya ɓarke a jihar Diffa. Mata masu juna biyu ne ya fi kashewa. Irin wannan cuta, da zarar an sanar da wuri, da wuri ake tare ta. Malamin asibitin ƙauye da ke da intanet yana iya aika rahoto a ranar. Ungozoma na iya neman shawarar babban likita idan haihuwa ta zo da gardama, ta kuma kira motar ɗaukar marasa lafiya.

Duk wannan alheri kuwa a kan abu ɗaya ya rataya. Idan wuta ta ɗauke, faifai ya zama kwano.

Me ya sa muka ce rana?

A Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki. A karkara abin bai ma kai haka ba. Ƙauyuka da yawa na bakin kogi ba su taɓa ganin turken NIGELEC ba. Ko a birane ma mun ga darasi. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024.

Wani zai ce a sayi janareto. To, mutanen Diffa sun san labarin mai. Bayan harin da aka kai Boso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, an kafa dokar ta-ɓaci. An taƙaita sayar da mai da takin zamani, an hana hawa babur, an dakatar da cinikin tattasai da na kifi na tsawon lokaci. Manoma da yawa sun ga injinansu a kwance don rashin mai. Ban da haka, janareto yana shan kuɗi kullum, hayaƙinsa kuma yana kisa idan aka kunna shi cikin ɗaki.

Rana kuwa ba a yanke ta, ba a rufe mata iyaka, ba ta kawo takardar biya a ƙarshen wata. Ƙasarmu na cikin ƙasashen da suka fi kowa samun hasken rana. Gwamnati ma ta gane haka. An gina tashar wutar rana a Malbaza a 2018, da wata babba a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Abin da gwamnati ta yi babba, ƙauye na iya yin ƙaraminsa.

Gona, rumbu da baki

Kayan wutar rana ba su da wuyar ganewa ga manomi. Allon sola, wanda wasu ke kira fanno, shi ne gona. Shi ke noma wuta da rana. Batir shi ne rumbu. A cikinsa ake ajiye wuta don dare da ranar hazo. Faifai, da wayoyi, da fitilu su ne bakunan da ke ci. Tsakanin gona da rumbu akwai wani ƙaramin akwati mai suna regilata. Shi ne mai gadin ƙofar rumbu. Yana hana batir cika fiye da kima, yana kuma hana a kwashe shi ƙarƙaf.

Magidanci mai hankali yakan ƙirga bakunan gidansa kafin ya san girman gonar da zai noma. Haka ake yi da wuta. Ana auna cin wuta da abin da ake kira wat. Idan aka ninka wat da yawan awoyin aiki, sai a sami wat-awa. Wat-awa shi ne mudun awon wuta.

Mu yi lissafi tare. A ɗauko alli ko a zana a ƙasa.

Ƙaramin faifai, wanda ake kira Mini, yana cin wat 25 zuwa 40. Mu ce 35. Idan ya yi aiki awa 10 a yini, ya ci mudu 350. Cajin wayoyi 10 zai ci kusan mudu 150. Fitila 2 masu wat 5, na awa 5, za su ci mudu 50. Jimilla mudu 550 ke nan a yini.

Yanzu gona. A nan wajenmu ana lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi a yini. Allon wat 200 sau awa 5 ya ba da mudu 1000. Amma zafi, da ƙura, da wayoyi suna cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da zai shiga rumbu bai wuce mudu 650 ba. Ya isa, amma da ƙyar. Saboda hazon hunturu, allon wat 300 ya fi kwanciyar hankali.

Sai rumbu. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar mudu 1200. Amma ba duka ake ci ba. Batir na dalma, irin wanda muka saba gani, rabinsa kawai ake taɓawa, wato mudu 600. In ana wuce haka kullum, ba zai daɗe ba. Batir na litiyom kuwa ana iya cin kusan mudu 1000 daga cikinsa. Ke nan na dalma abincin yini ɗaya yake riƙewa, na litiyom kuwa kusan na yini biyu.

Babban faifai cinsa ya fi haka. Yana cin wat 75 zuwa 100. Idan aka bar shi a kunne dare da rana, zai iya cin mudu 2400. Wannan ya ninka lissafinmu na farko fiye da sau huɗu. Zai buƙaci allon wat 200 guda huɗu, da batir na litiyom biyu ko na dalma uku don dare kaɗai. Saboda haka muke cewa ƙungiyar ƙauye ta fara da ƙarami, ta kuma tsai da lokutan kunnawa da kashewa.

A batir ake faɗuwa

Mun sha ganin wannan a ƙauyukanmu. A kawo kayan sola, a yi biki, a yi tafi. Bayan shekara ɗaya ko biyu, sai ka tarar allo na nan lafiya lau a bisa soro, amma ɗaki duhu. In ka tambaya, sai a ce batir ya mutu, kuma babu kuɗin sabo. Allo mai kyau yana yin shekara 20 ko fiye. Batir ne mai gajeren kwana.

Abu uku ke kashe batir a ƙasarmu.

Na ɗaya, zafi. Batir na dalma ya fi son digiri 25. Duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kwanansa da rabi. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40. Batir da aka ajiye a ɗakin kwano, a rufe, dafa shi ake yi. A sa shi a ɗakin ƙasa mai iska, a inuwa, a bisa dakali don gudun ruwa.

Na biyu, wawaso. Kowa ya zo ya maƙala wayarsa, wani ya kawo talabijin, wani fanka. Rumbun da ba shi da mai riƙe da makulli ba ya kai bazara.

Na uku, arha. Batir na mota ba a yi shi don wannan aiki ba. Aikinsa ya tada inji nan take, ba ya ciyar da gida dare guda ba. Haka nan akwai jabun kaya a kasuwa, masu babban rubutu da ƙaramin ƙarfi. Arha ba ta ado. Batir na litiyom ya fi tsada a ranar saye. Amma ana cika shi a sauke sau dubbai, na dalma kuwa sau ɗaruruwa. Idan aka raba kuɗin a kan shekaru, mai tsadar ne mai sauƙi.

Ga wasu dabaru na rage ci. Ƙaramin faifai yana iya shan wuta daga batir kai tsaye, ba sai an bi ta inbata ba, domin inbata ma tana cin nata rabo. Sai dai wayar ta zama gajera kuma mai kauri, in ba haka ba faifan zai riƙa mutuwa yana tashi. A cikin faifan akwai abin ɗumama shi, wanda aka yi don narkar da ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Mu ba mu da ƙanƙara, sai a kashe shi. Allon kuma a fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi. A riƙa share ƙura da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya tana rage wutar allo ƙwarai. Faifan shi ma yana son sarari, ba ƙarƙashin itace ba.

Gargaɗi biyu na lafiya

Na farko ya shafi asibiti. A asibitocin karkara da yawa akwai firjin allurar riga-kafi mai aiki da rana. Dole maganin ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. In ya yi zafi, ya lalace, ko da ido bai gani ba. Yaron da aka yi wa irin wannan allura bai sami kariya ba. Don haka kada a kuskura a jona faifai ko cajin waya a kan wutar firjin. Firji da nasa allo, faifai da nasa. Ran yaro ya fi kowane saƙo.

Na biyu ya shafi mataccen batir. A cikinsa akwai dalma da ruwan asid. Dalma guba ce. Tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana sa farfaɗiya, tana kisa. A wata unguwa mai suna Caroy, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, mutane sun riƙa fasa tsofaffin batura suna tara dalma don sayarwa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu. Kada mu fasa batir a gida. Kada mu zubar da ruwansa kusa da rijiya ko kogi. Kada yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai sayarwa. Batir na dalma kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Kada a kusance shi da taba ko ashana. A sa fis a kan waya kusa da batir, don kada gobara ta tashi.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa wannan kayan masu kuɗi ne. Gaskiyarsu, in mutum ɗaya zai saya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mutum 50 suka haɗu, kowa ya ba da dala ɗari a wata, an sami jika 25. Sai dai kada a tsaya nan. A ƙara wani abu a kai, a buɗe asusun batir tun ranar farko. Kuɗin cajin waya ma a zuba a ciki. Ranar da batir ya gaji, kuɗin sabo na ajiye.

Akwai masu cewa kuɗinmu zai riƙa fita waje, kuma makullin yana hannun baƙo. Wannan ma gaskiya ne. Kamfanin na waje ne, yana iya ƙara kuɗi ko ya canza sharaɗi. Shi ya sa muke cewa inda layin Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms ke kamawa da kyau, ba dole sai faifai ba. Amma a lura da abu guda. Allo da batir namu ne. Ko an daina biyan faifai, za su ci gaba da ba da haske a ɗakin haihuwa da ajin dare. Kuɗin da aka sa a rana ba ya ɓata.

Akwai kuma masu tsoron tsaro. A yanki irin namu wannan tsoro ba wasa ba ne, domin miyagu ma suna neman irin wannan kaya. Amsa ita ce a yi komai a fili. A saya ta halattacciyar hanya, da takarda. A sanar da mai gari, da magajin gari, da hukumomin tsaro kafin a kafa. Kayan sumoga na iya jawo wa gari duka fitina.

Sai masu cewa intanet na kawo ƙarya. Haka ne. Akwai masu tallar maganin ƙarya, da masu zuga mutane su ƙi riga-kafi, da ƴan damfara. Ba duk abin da waya ta faɗa ne gaskiya ba. Maganar lafiya a tabbatar wajen malamin asibiti. Maganar gona a tabbatar wajen malamin gona.

Kiranmu

Ga ƙungiyoyin manoma da na mata: ku yi lissafi kafin ku je kasuwa. Ku kafa kwamiti na mutum uku, mai makulli, da mai kuɗi, da mai rubutu. Ku sa mata a ciki, domin sun san riƙon asusu. A sami littafi, a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da lambar da regilata ke nunawa safe da yamma. Wanda ya koyi karatu da lissafi, ga ranar amfaninsu ta zo. Shi zai karanta abin da aka rubuta a jikin batir, ba wanda zai sayar masa da wat 100 a kuɗin wat 200.

Ga hukumomi da masu ba da taimako: kada ku kawo faifai ku tafi. Duk wanda zai ba asibiti ko makaranta faifai, ya haɗa da allo da batir da suka isa, ya kuma faɗi wanda zai biya kuɗin wata. Akwai hukumar ANPER mai kula da kai wuta karkara. Akwai Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014. Muna roƙon a horar da samari da ƴanmata na wannan kwari su iya haɗa kayan sola da gyaransu. Bai kamata fis ya ƙone a Geskeru a jira mai gyara daga Damagaram ba. A kuma sa ido a kan jabun kaya a kasuwa, a tanadi wurin tara matattun batura.

Mutanen Komadugu sun san jiran ruwa, sun san tanadin iri, sun san gina rumbu tun kafin kaka. Wannan ma duk aikin ɗaya ne. Mu ƙirga bakuna, mu auna gona, mu gina rumbu, sa'an nan mu ɗora faifai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.